Mishan a Bakin Tafkin Kainji: Daga Yaƙin Basasa Zuwa Daren Papiri

 Da Edita ya aiko da saƙo cewa a wannan fitowa ana son a taɓo tarihin ƙasarmu ta Yawuri da kewayenta, na san da yawa za su sa ran ganin jerin sarakuna, ko labarin Rigata, ko yadda Mungo Park ya bi ta nan a 1806 kafin ruwa ya ci shi a Bussa. Waɗannan duka an sha rubuta su, kuma waɗanda suka fi ni sani ne suka rubuta. Ni wani lungu zan shiga da ku, wanda mafi yawanmu mun sha wucewa ta ƙofarsa ba mu leƙa ba, watau mishan ɗin ɗariƙar Katolika da ke bakin tafkin Kainji, da mutanen da suka dogara da shi, da yadda yaƙi ya same shi har sau biyu cikin shekara 60, da kuma irin taimakon da ya samu a kowane karo. Abin da ya sa na ga ya dace da mujallar tsofaffin ɗalibai shi ne, in aka bi shi zuwa ƙarshe, labarin makaranta ne.

Bari mu fara da shimfiɗar ƙasar, don amfanin 'yan uwanmu da suka zo karatu daga nesa. Wanda ya tsaya a bakin ruwa a Zamare ya dubi yamma, abin da yake hange a ƙetare Rofia ce, cikin ƙaramar hukumar Agwara ta Jihar Neja. A takarda jiha biyu ne, Kebbi da Neja. Ranar kasuwa kuwa ba mai tambayar wannan, jirgi ɗaya ake shiga da albasa da kifi da buhunan masara da babura. Gungawa da Kambari da Shangawa da Lopawa da Dukkawa da Hausawa da Fulani, kowa yana da ɗan'uwa a wancan gaɓar. Shi ma cocin Katolika bai bi iyakar jihohi ba. Dayosis ɗin Kontagora, watau yankin da bishop ɗaya ke shugabanta, ya haɗa Yawuri da Ngaski da Shanga da Zuru ta wajen Kebbi, sa'an nan Kontagora da Rijau da Agwara da Borgu ta wajen Neja. Saboda haka in ka ji na ambaci Papiri, mai karatu, kada ka ɗauka na fita daga gida.

Kambari su ne ƙashin bayan wannan labari. Manoma ne na gasken gaske, amma tarihi bai yi musu da daɗi ba. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19, Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu, ya kafa Kontagora, kuma shi da ɗansa Ibrahim suka yi shekaru suna kai hari ƙasashen Kambari da maƙwabtansu suna kamun bayi, har Turawa suka ci Kontagora a 1901. Garuruwa suka watse, mutane suka bazu cikin daji, kowane gida ya kafa 'yar tungarsa nesa da hanya, don wanda yake kusa da hanya shi mahaya ke fara tararwa. Wannan zama na tunga-tunga, da rashin sakin jiki da baƙo, da gudun duk abin da ya fito daga hukuma, har da makarantar boko, daga can suka samo asali. Duk wanda ya tashi a Yelwa ya san irin ba'ar da ake yi wa Bakambare a kasuwa. Masu ba'ar ba su cika tambayar abin da ya kai kakanninsa cikin daji ba.

Da Turawa suka kafa mulki, Lugga da magadansa sun yi wa sarakunan Musulmi alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, sai aka hana 'yan mishan zama a manyan biranen sarauta, aka bar musu ƙasashen waɗanda ba su musulunta ba. A yankinmu 'yan UMS, waɗanda cocinsu ya zama UMCA, su suka riga kowa, suka zauna a Salka da Zuru da Tungan Magajiya, inda asibitinsu ya yi suna ƙwarai. Katolika sun makara. Ƙungiyarsu ta SMA, wadda aka kafa a birnin Liyon na Faransa a 1856, ta iso Lokoja tun 1884, ta buɗe Shendam a 1907, amma a sauran Arewa galibi hanyar jirgin ƙasa ta bi, tana hidima ga mutanen Kudu da ke zaune a Sabon Gari. Sai a 1953 fadar Paparoma ta yanke yankin Sakkwato ta danƙa shi ga limaman ƙungiyar Dominikan daga Amurka, a ƙarƙashin Edward Lawton. Gusau ce cibiyarsu. A 1956 sistoci daga Jihar Kansas suka biyo su don aikin jinya da koyarwa, kuma cikin tashoshin da suka buɗe har da Yelwa. To, amma su wa ke cika cocin ran Lahadi? Akawuna da malaman asibiti da direbobi da 'yan tireda, mafi yawansu Ibo. Coci ne na baƙi a ƙasar da ba tasu ba, kuma haka mutanen gari suke kallonsa.

Sai 1966 ta zo. Ba sai na maimaita abin da ya faru ba: juyin mulkin Janairu da ya ci Sardauna da Tafawa Ɓalewa, tarzomar Mayu, juyin mulkin Yuli, da kashe-kashen Satumba da Oktoba. Cikin 'yan makonni mutanen Gabas suka kwashe suka tafi, wanda ya samu mota ya shiga, wanda bai samu ba ya bi daji. Cocin da ke cika maƙil a Gusau da Funtuwa da Katsina da Sakkwato ya koma kango, limami ya fito ya tarar da benci babu kowa. Bishop Lawton bai ga ƙarshen shekarar ba, ya rasu cikin Disamba 1966, aka naɗa Michael Dempsey a gurbinsa a 1967, shekarar da yaƙi ya ɓarke sosai ranar 6 ga Yuli.

Abin mamaki, a daidai waɗannan shekaru ne ita ma ƙasarmu take cikin nata juyin. Tun 1964 kamfanin Impregilo na Italiya ke gina madatsar ruwa ta Kainji, yaƙi bai tsayar da aikin ba, aka gama a 1968, Janar Gowon ya buɗe ta cikin Fabrairu 1969. Ruwa ya taso ya yi tafki mai tsawon kusan kilomita 135, bakinsa har Yelwa. Tsohuwar Bussa ta nutse, tsibirin Foge ya nutse, gungunan da Gungawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna noman albasa a kansu suka ɓace. Mutum kusan 44,000 aka tayar aka kai sababbin garuruwa, cikin gidajen siminti masu rufi mai baka, waɗanda har yau dattawa ke ba da labarin zafinsu. Ka ga ke nan, yayin da coci ya rasa mutanensa na Kudu, mutanen bakin kogi su ma sun rasa ƙasarsu. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu bari mu leƙa wancan ɓangaren na yaƙi, domin a can ne duniya ta fara ganin abin da ake nufi da taimakon mishan a fagen fama, kuma abin da aka yi a can ya shafi kowane coci a Nijeriya, har da na bakin tafki. Ƙasar Ibo ita ce cibiyar Katolika a ƙasar nan, kuma limamanta da yawa mutanen Ailan ne, 'yan ƙungiyar Holy Ghost. Da sojojin Tarayya suka kewaye Biyafara, Fatakwal ta faɗi cikin Mayu 1968, hanyar teku ta toshe, yunwa ta shiga. Limaman da yawa suka ƙi fita. Su ne suka kai 'yan jarida ƙauyuka, su ne suka fitar da hotunan yara masu kumburin ciki da jan gashi, hotunan da suka girgiza Turai. Ƙungiyar agaji ta Katolika, Caritas, ta haɗa kai da cocin Furotesta na Jamus da na ƙasashen arewacin Turai da na Amurka, suka kafa Joint Church Aid. Daga tsibirin Sao Tome, wanda a lokacin yake hannun Fotugal, jirage ke tashi da dare su sauka a Uli. Uli ɗin nan ba filin jirgi ba ne, wani yanki ne na titin mota da aka faɗaɗa, ana kunna fitilunsa na 'yan daƙiƙoƙi in jirgi ya kusa, a kashe da ya taɓa ƙasa, don gudun bama-bamai. A haka suka yi sawu fiye da 5,000, suka kai tan kusan 60,000 na busasshen kifi da madarar gari da gishiri da magani, kuma matuƙa da dama sun rasa rayukansu. A birnin Dablin, mutanen gari suka kafa Africa Concern a 1968 suka tara kuɗi suka aiko da jirgin ruwa cike da kaya. Wannan ƙungiya ita ce Concern, wadda daga baya ta shiga aikin ciyar da yara masu tamowa a Tawa ta Jamhuriyar Nijar, watau 'ya'yan Hausawa.

A nan Arewa ba a kalli wannan aiki da idon rahama ba, kuma ba a rasa dalili ba. Titin Uli da madara ke sauka a kansa, a kansa makamai ke sauka. Kuɗin waje da ƙungiyoyin ke kashewa a cikin Biyafara sun taimaki Ojukwu. Sa'an nan farfagandar da ta kai Turai ta mai da yaƙin na Musulmi da Kirista, alhali kuwa Gowon ɗan mai bishara ne, kuma rundunar Tarayya cike take da Kiristocin Filato da Binuwai da kudancin Zariya da Zuru. Masana har yau suna gardama a kan ko agajin ya tsawaita yaƙin. Ni dai ra'ayina, yaron da aka ba madara ya rayu bai san siyasar Ojukwu ba, kuma wanda ya ciyar da shi ya yi aikin lada. Kuskuren yana wajen labarin da aka haɗa da madarar, domin don a taɓa zuciyar mai bayarwa a Turai sai aka sauƙaƙa maganar ta zama ta addini, aka shafa wa rabin ƙasa baƙin fenti. Da yaƙi ya ƙare ranar 15 ga Janairu 1970, sai aka biya bashin. Gwamnatin Gowon ta ƙi karɓar agajin waɗannan ƙungiyoyi, aka tattara limamai da sistocin da aka samu a cikin Biyafara, aka gurfanar da waɗansu bisa laifin shigowa ƙasa ba izini, aka kore su. A shekarar nan Jihar Gabas ta Tsakiya ta karɓe makarantun mishan, jihohi da dama, har da na Arewa, suka bi sahu cikin shekarun 1970. Masu agajin sun koma gida da yabo, cocin da ya rage a ƙasa shi ya zauna da zargin.

To, mu koma bakin tafki. Limaman da suka rage a Arewa sun fahimci cewa cocin da ya dogara da baƙi, rana ɗaya zai iya wayewa babu kowa. Sai suka fita daga Sabon Gari. A Malumfashi suka juya ga Maguzawa. A nan kuma suka nufi Dukkawa da Dakarkari da Kambari. Ta yammacin ruwa, 'yan SMA ne suka shigo daga dayosis ɗin Ilori, domin har zuwa 1991 Borgu tana cikin Jihar Kwara, suka zauna a wurare irin su Guffanti. Abin da suka tarar shi ne tungayen da ba hanya, ba asibiti, ba makaranta, ba ruwan sha sai na tafki da na rafi, ga kurkunu, ga ƙyanda tana kwashe yara kowace bazara. Da rijiya suka fara. Suka koya wa samarin ƙauye haƙa da zuba kankare, ƙauye ya ba da ƙarfi, mishan ya ba da siminti da ƙarfe da kuɗin da talakawan Ailan ke jefawa a akwatin coci. (Kurkunun nan, wanda aka tabbatar Nijeriya ta rabu da shi a 2013, Janar Gowon ɗin nan dai shi ya yi ta yawon ƙauyuka yana yaƙi da shi bayan ya bar mulki. Duniya ke nan.)

Bayan rijiya sai karatu. Bakambare ba zai ba ka ɗansa da damina ba, don gona na jiransa, saboda haka aka ƙirƙiro karatun rani: in an gama girbi, yara da samari su taru a harabar mishan na 'yan watanni, a koya musu karatu da rubutu da lissafi, damina na faɗuwa kowa ya koma gida. Da wane harshe? Da Hausa. Littafi Mai Tsarki yana nan cikin Hausa tun 1932, da ita ake addu'a, da ita ake wa'azi. Abin lura ne ga masu kishin harshenmu, cewa cikin waɗanda suka kai rubutun Hausa tungayen da gwamnati ba ta taɓa takawa ba har da waɗannan Turawa na Ailan.

Aikin ya yi ƙarfi har ranar 15 ga Disamba 1995 fadar Paparoma ta yanko ƙasa daga Ilori da Minna da Sakkwato ta kafa yankin Kontagora, ta ba Fada Timothy Carroll na SMA riƙonsa. A 2002 aka ɗaga darajar yankin aka naɗa shi bishop, ya sauka a 2010. A 2012 aka naɗa Bulus Dauwa Yohanna, ɗan ƙasar, haifaffen 1970, watau shekarar da aka kori limaman Biyafara. A 2020 Kontagora ta zama cikakken dayosis. Cikin wannan tsakani ne aka kafa makarantar Saint Mary a Papiri, firamare a 2008, sakandare a 2010, aka danƙa ta ga sistocin OLA, ƙungiyar da ita ma a Liyon aka kafa ta a 1876. Makarantar kwana ce har ga 'yan firamare, kuma wanda bai san ƙasar ba zai yi mamakin a kai yaro ɗan shekara shida ko bakwai makarantar kwana. Dalili shi ne tungayen nan da Nagwamatse ya warwatsa. Ba yadda yaro zai yi tafiyar kilomita 20 ko 30 kullum, in bai kwana a makaranta ba to ba karatu. Yawancin ɗaliban nan, waɗanda suka haura 600, su ne na farko a zuriyarsu da suka riƙe alƙalami.

Yaƙi na biyu ba shi da ranar farawa, ba wanda ya yi shelarsa a rediyo. Ya taso daga Zamfara wajen 2011 da satar shanu da ramuwar gayya, ya zama sana'ar satar mutane, ya gangaro ta Birnin Gwari da Mariga da Rijau da Danko Wasagu. Gandun dajin Kainji, wanda da muna yara ake kai ɗalibai kallon namun daji, ya zama mafakar masu bindiga. Mu mutanen Yawuri mun ɗanɗana tun kafin Papiri. Ranar 17 ga Yuni 2021, da rana tsaka, mutanen Dogo Giɗe suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kashe ɗan sanda suka kora ɗalibai da malamai cikin daji. An sako waɗansu cikin Oktoba, waɗansu cikin Janairu 2022, 'yan mata 11 suka rage. Iyayensu suka sayar da gonaki da kadarori, suka fito suna roƙon jama'a, har aka karɓo su kashi-kashi cikin Afrilu da Mayu 2023, waɗansu da goyo. Kusan shekara biyu. Ba jirgin da ya taso daga wani tsibiri domin su.

Sai Nuwamba 2025. Ranar Litinin 17 ga wata aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga a Danko Wasagu, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da ɗalibai 25. Kwana huɗu bayan haka, daren Juma'a 21 ga wata wajen ƙarfe biyu, aka shiga Papiri. Lissafin da ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta bayar ya ce ɗalibai 303 da malamai 12, adadin da ya zarce na Chibok. Yara 50 suka kuɓuta cikin kwana biyun farko. Gwamnatin Neja ta ce ta riga ta ba da umarnin rufe makarantun kwana a yankin, makarantar ce ta buɗe ba izini. Bishop Yohanna ya ce ba takardar da ta iso gare su, ya kuma tuna wa mutane cewa a 2022, da suka ji ƙishin-ƙishin, da kansu suka rufe. Ana wannan musu iyaye na zaune a harabar makaranta suna kallon takalman yaransu a ɗakin kwana. Ranar 7 ga Disamba aka sako 100, aka kai su Minna wurin Gwamna Umaru Bago, ranar 21 ga Disamba aka sako 130, daga baya da aka tantance sunaye aka tsaya a kan cewa 230 ne suka yi zaman dajin. 'Yan matan Maga kuwa an sako su tun 25 ga Nuwamba. Jihar Neja ta rufe makarantunta gaba ɗaya har ƙarshen shekara, Gwamnatin Tarayya ta rufe kwalejojinta fiye da 40 na wani lokaci.

Duniya ta yi magana, kamar yadda ta yi a 1968. Paparoma Leo na 14 ya yi kira a saki yaran ranar Lahadi 23 ga Nuwamba. Sistocin OLA da limaman SMA a Ailan da sauran ƙasashe suka yi ta addu'o'i da kiraye-kiraye, kuma ba shakka wannan ya hana a manta da Papiri kamar yadda aka manta da 'yan matan Birnin Yawuri. Amma tsohon ciwon nan ya dawo. Tun ƙarshen Oktoba Shugaba Trump na Amurka ya sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ya ce ana zaluntar Kirista, ya yi barazanar turo soja, ranar Kirsimeti kuma Amurka ta kai hari ta sama a Jihar Sakkwato. Papiri ta zama hujja a bakin mutanen da ba su san inda Agwara take ba. Ba na musun cewa akwai wuraren da ake kai wa coci hari don coci ne, kuma wanda ya ce babu bai yi adalci ba. Sai dai mu da ke nan mun san mataimakin shugaban makarantar Maga Musulmi ne, 'yan matansa Musulmi ne, kuma ɗaliban Birnin Yawuri an kora su daji ba a tambayi sunan kowa ba.

Abin da ya biyo bayan sakin yaran ya ƙara nuna haka. Cikin kwanakin ƙarshe na Disamba 2025 maharan suka fito daga gandun Borgu a kan babura suka shigo Jihar Kebbi, suka kashe mutane a Kaiwa da Gebbe cikin ƙaramar hukumar Shanga. Ranar 3 ga Janairu 2026 suka faɗa wa Kasuwan Daji, 'yar tafiya kaɗan daga Papiri, suka ƙone kasuwar. 'Yan sanda suka ce fiye da mutum 30 aka kashe, dayosis ɗin Kontagora ya ce 42, ya kuma faɗi a fili cewa akwai Kirista akwai Musulmi. Yaran da aka sako mako biyu kafin nan, waɗansunsu sai da suka sake kwana a daji tare da iyayensu don tsoro. Jikokin waɗanda suka gudu daga dawakin Kontagora, 'ya'yan waɗanda ruwan Kainji ya tayar, ga su kuma suna ɗaure kaya karo na uku.

In muka jera yaƙin nan biyu za mu ga bambancin irin taimakon da kowanne ke bukata. A Biyafara akwai fagen daga, akwai iyaka, akwai mai iko a kowane ɓangare, abin da ya rage shi ne a tsallake da abinci, kuma kuɗin Turai da jirgin sama sun iya wannan. A bakin tafki ba yunwar kewaye ba ce, hatsi na nan a rumbu in an bar mutum ya noma. Abin da ake kashewa shi ne amincewar uba ya bar ɗansa ya kwana a makaranta. Shekara 40 aka yi ana lallashin Bakambare, daga rijiya zuwa karatun rani zuwa aji, kafin ya yarda. Dare ɗaya ya isa ya mai da shi inda aka fara, kuma wa zai ga laifinsa? Wannan amincewa ba a sauke ta daga jirgi. Tana bukatar soja da ɗan sanda da za su zauna a wurin bayan 'yan jarida sun tafi, da hanyar mota, da layin waya mai aiki, da maƙwabta na wannan gaɓar waɗanda za su ɗauki maganar a matsayin tasu. Masu iya magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Namu gemun ya riga ya ƙone tun 2021.

Na san akwai 'yan uwa a ƙungiyar nan da za su ce, ina ruwanmu da makarantar mishan, ba ga Rum da Ailan suna da kuɗi ba? Waɗansu kuma za su ce taimaka mata taimakon yaɗa wani addini ne. Ban raina wannan damuwa ba, kuma ban ce kowa ya sa kuɗinsa a ginin coci ba. Ina dai tuna mana cewa lokacin da aka matsa wa Sahabbai a Makka, wurin Najjashi, sarkin Habasha Kirista, aka tura su, ya kuwa ba su mafaka bai nemi su bar addininsu ba. Ina kuma tuna mana cewa a ajinmu akwai Bulus akwai Bala, kwano ɗaya muka ci, kuma su ma mambobin ƙungiyar nan ne masu biyan kuɗin shekara.

Shawarar da nake kawowa ba ta fi ƙarfinmu ba. A cikinmu akwai shugabannin makarantu da daraktoci a ma'aikatar ilmi ta Birnin Kebbi da ta Minna, akwai likitoci, akwai hafsoshi masu ritaya, akwai masu zuwa fadar Mai Martaba Sarkin Yawuri Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda shi kansa tsohon shugaban jami'a ne, ya san darajar aji. A kafa ƙaramin kwamiti ya ƙetare ruwa ya gana da hukumar makarantar Papiri da hakiman Shanga da Ngaski, ya samo sunayen yaran da tashin hankali ya raba da karatu, na mishan da na gwamnati da na allo. A nema wa waɗanda iyayensu suka yarda gurbi a makarantun cikin garin Yelwa da Wara, a ware wani kaso na asusunmu don kuɗin jarrabawa da littattafai da kayan makaranta, likitocinmu kuma su ba da kwana biyu a wata don duba yaran da suka yi zaman daji, da 'yan matan Birnin Yawuri da ke son komawa aji. Na miƙa wannan a rubuce ga Sakatare, tare da roƙon a sa shi cikin ajandar babban taronmu na shekara, kafin a kai ga maganar gyaran ɗakin taro.